Newtown Jets: kulob ɗin da aka kora a 1983, ya mutu ne ko yana nan da ransa?

Sadiq Gwale: Jama'a tsakani da Allah ina da tambaya ga masu kallon zari-rugar Ostireliya a gidan nan. Tunda Abba ya jawo mu cikin kallon NRL, babbar gasar wasan a can, nake jin ana ta kambama wani kulob wai shi Newtown Jets, na duba teburin NRL kaf babu sunansu, da na bincika sai na ga ashe tun 1983 aka fitar da su daga babbar gasar. To sama da shekara 40 ba ka buga babban lig ba, kofi uku kacal ka taɓa ci, na ƙarshen ma a 1943 ana tsaka da yaƙin duniya, meye abin kambamawa a nan? Ni dai a wurina kulob ɗin nan ya rasu sai dai a yi masa addu'a

Abba Sidni: Hhhh Sadiq ka zo da rigima da sassafe. Wanda ya rasu ne ya ɗauki kofin jihar New South Wales a 2024? Sun doke North Sydney 28 da 22 a fainal fa

Sadiq Gwale: Kofin 'yan benci ba

Anti Zainab: Ku tsaya tukuna ku sa mu a hanya. Wannan wasan shi ne wanda Afirka ta Kudu take cin kofin duniyarsa ko wani ne daban? Ni duk ɗaya nake ganinsu, ƙarti suna ta kokawa a kan ƙwallo mai kama da ƙwai

Nura Leeds: Anti ba shi ba ne, 'yan uwan juna ne dai. Wancan na Afirka ta Kudu mutum 15 ne a kowane gefe, wannan da ake kira lig mutum 13 ne. A nan arewacin Ingila aka raba gari a 1895 a garin Huddersfield, kuma kan kuɗi ne, 'yan wasan arewa leburori ne masu aikin ma'adinai da masaƙu, in mutum ya bar aiki ranar Asabar ya je wasa an yanke masa kuɗin ranar, kulob-kulob suka ce bari mu biya su abin da suka rasa, manyan da ke riƙe da wasan a kudu suka ce haram, wasa ba sana'a ba ne. Shi ke nan aka ɓalle. A lig in an kayar da ku sau shida ba ku ci ba ƙwallo ta koma hannun abokan karawa, in ka dire ta bayan layinsu maki 4 ne, bugun da ke biyo baya maki 2. A Sidni an fara gasar a 1908 da kulob tara, Newtown na cikinsu

Anti Zainab: Yauwa na gode ƙanena, ku ci gaba da faɗanku

Malam Garba: Assalamu alaikum. Sadiq, tambayarka tana da kyau amma ka taƙaita lissafin da yawa. Gaskiya ne kofi uku suka ci cikin kaka 76 da suka yi a babbar gasar, 1910 da 1933 da 1943. Amma sau bakwai suka ƙare a na biyu: 1913, 1914, 1929, 1944, 1954, 1955 da 1981. Kuma sau shida suna gama zagayen lig a saman tebur. Wannan ba tarihin kulob ɗin banza ba ne, tarihin kulob ne da yake isa bakin ƙofa a rufe masa.

Na 1910 ma abin dariya ne yadda aka ci shi. Fainal da South Sydney an tashi 4 da 4, Charles Russell ne ya buga ƙwallon da ta farke musu ana dab da tashi, kuma dokar wancan lokacin ta ce in an yi kunnen doki wanda ya fi maki a tebur shi ne zakara. Sai ga wannan Russell ɗin dai shi ne kocinsu a 1933 da suka doke St George 18 da 5. A 1943 kuwa ba wasa aka yi ba, kaca-kaca suka yi wa North Sydney 34 da 7 a gaban 'yan kallo sama da 60,000 a filin kurket na Sidni, kyaftin ɗinsu Frank Farrell wanda ake wa laƙabi da Bumper, ɗan sanda ne a aikinsa na yau da kullum.

Abba Sidni: Malam ka tsallake labarin kunne 😂

Malam Garba: Ban so in shiga ba saboda zargi ne. A 1945 wani ɗan wasan St George mai suna Bill McRitchie ya rasa wani ɓangare na kunnensa ana cikin wasa, ya ce Farrell ne ya cije shi. Farrell ya musanta, ya ce haƙoransa na roba ne kuma a ɗakin canja kaya ya baro su. Hukumar wasan ta zauna ta wanke shi. Iyakar abin da zan faɗa ke nan.

Sadiq Gwale: Allah ya ƙara lafiya Malam, amma duk wannan ai shi ne kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. 1910, 1933, ko kakana ba a haifa ba. Kuma zuwa na biyu sau bakwai ni ba na ganinsa abin alfahari, in sau bakwai ka kusa kofi ya kuɓuce maka matsala ce a jikinka

Nura Leeds: Ka duba su wa suka tare musu hanya mana. A 1954 da 1955 duk South Sydney ce ta Clive Churchill, kuma duk shekarun biyu Newtown ce ta gama a saman tebur. Na 1955 da maki ɗaya tal aka cire su, 12 da 11, har sun samu bugun fenariti ana dab da tashi bai shiga ba. Daga 1956 kuma St George ta kafa nata mulkin, kofi 11 a jere har 1966, ba wanda ya ɗanɗana. Abin haushin ma cikin waɗanda suka gina wa St George wannan mulkin akwai Brian Clay da Johnny Raper, su biyun duk a Newtown suka fara. Raper ɗin da yanzu ake lissafa shi cikin gwarazan wasan na duk zamani, kaka biyu ya yi musu ya tafi

Sadiq Gwale: To ai ka ƙara min hujja Nura. Kulob ɗin da ba zai iya riƙe yaransa ba

Abba Sidni: Yauwa nan ne ainihin maganar, kuma sai ka san unguwar za ka gane. Newtown da Marrickville da Enmore da St Peters duk unguwanni ne na cikin gari, kusa da tsakiyar Sidni, gidaje ƙanana a manne da juna, a da can masana'antu ne da ramukan yin bulo da leburori. Filin nasu ma Henson Park a kan tsohon ramin bulo aka yi shi shi ya sa in ka shiga kamar kwano yake, tudu ya kewaye shi, kuma a nan aka yi tseren keke na gasar daular Birtaniya a 1938. To a tsarin Sidni kowane kulob yana da yankinsa da yake ɗibar yara, kuma bayan yaƙin duniya na biyu iyalan da suka taso da wasan nan suka dinga sayar da gidajensu suna komawa sababbin unguwannin yamma inda fili ke da araha, su Parramatta da Penrith da sauransu, waɗanda suka maye gurbinsu kuma baƙi ne daga Girka da Italiya, daga baya 'yan Vietnam, mutanen da ƙwallon ƙafa suka sani ba wannan ba. Ga South Sydney ta gefe guda, ga Balmain, ga Wests, ga Canterbury, ga St George, duk sun kewaye ka ba inda za ka faɗaɗa. Ina za ka samo yara? Ina za ka samo 'yan kallo?

Sannan ga maganar kuɗi wadda mutane ba sa son faɗa. Tun 1956 da jihar ta halatta injinan caca a gidajen kulob, kuɗin da ke tafiyar da wasan nan daga nan yake fitowa, duk kulob ɗin da ke da katafaren gidan shaƙatawa cike da injina a unguwa mai jama'a shi ke sayen 'yan wasa. Na Newtown ƙarami ne. Shi ke nan labarin wlh, sauran duk bayani ne

Anti Zainab: Subhanallahi, wato da kuɗin caca ake ciyar da wasan? Allah ya kyauta

Abba Sidni: Amin Anti, har yau ma bai gama fita daga ciki ba

Bashir Jos: Ni sunan ne ya jawo ni. Da na ga Jets na zaci Mighty Jets ɗinmu ake magana, su ma ai sun ci lig a 1972 kuma kowa ya san yadda fainal ɗin kofin ƙalubale ya dinga yi musu. Anya sunan nan ba shi da wani abu kuwa 😅

Malam Garba: Bashir su na Sidni a 1973 suka ɗauki sunan, saboda filin jirgin sama yana kusa da su, jirage ta saman unguwar suke wucewa. Kafin nan Bluebags ake ce musu, wato ƙullin bular wanki, saboda shuɗiyar rigarsu. Kuma shekarar da suka canja sunan ta yi musu kyau, Jack Gibson ne koci, suka je wasan da daga shi sai fainal, Cronulla ta cire su. Kaka ɗaya ya yi ya koma Easts, wato Roosters na yanzu, ya ci kofi biyu a jere, 1974 da 1975. Su kuma Newtown suka faɗa rami, 1976 da 1977 da 1978 duk su ne na ƙarshe a tebur.

Abba Sidni: A cikin wannan ramin ne ma aka yi abin da har yau ake ba da labarinsa, attajirin nan na harkar talla John Singleton da ke ɗaukar nauyinsu ya je Amurka ya ɗauko Manfred Moore, mutumin da ya ci Super Bowl, babban kofin ƙwallon Amurka, tare da Oakland Raiders a farkon 1977, bai taɓa buga wasan nan ba a rayuwarsa, aka sa masa riga ya dire ƙwallo a wasansa na farko jama'a suka haukace, wasanni kaɗan ya yi ya koma gida

Sadiq Gwale: Hhhhh to wannan ai dirama ce ba kulob ba

Nura Leeds: Dirama ko ba dirama ba, shekara uku bayan zama na ƙarshe suna fainal. Ni 1981 ce ta fi taɓa ni a duk tarihinsu kuma na kalli tsohon bidiyon. Warren Ryan ne koci, Singleton ya ɗauko Tommy Raudonikis daga Wests a 1980 ya zama kyaftin, ga Phil Gould wanda yanzu kuke gani yana sharhi a talabijin, ga John Ferguson a gefe, ga Phil Sigsworth. A wasan da suka yi da Manly a zagayen ƙarshe aka yi damben da har yau ake nunawa, Steve Bowden da Mark Broadhurst, aka kori Bowden aka dakatar da shi, don haka suka shiga fainal babu ɗaya daga cikin ƙartinsu na gaba.

Fainal da Parramatta, kuma wa ke kocin Parramatta? Jack Gibson ɗin dai da ya bar su. Raudonikis ya dire ƙwallo bayan hutun rabin lokaci suka shiga gaba 11 da 7. Ku lura lokacin direwa maki 3 ce ba 4 ba, sai 1983 aka ƙara. Sau uku Newtown suka dire amma bugu ɗaya kawai ya shiga musu, da sauran biyun sun shiga ratar maki 8 ce ba 4 ba kuma wasan ya canja kama. Daga nan Parramatta ta farka, Brett Kenny ya dire biyu a ranar, aka tashi 20 da 11. Kofin Parramatta na farko ke nan, magoya bayansu don murna suka je suka cinna wa tsohon rumfar filinsu na Cumberland wuta

Anti Zainab: Don murna?? Ikon Allah

Sadiq Gwale: To Nura daga fainal a 1981 zuwa kora a 1983, shekara biyu. Wannan ba ƙaddara ba ce, rashin iya shugabanci ne. An ci bashi an sayi 'yan wasa don a ci kofi ɗaya, ba a ci ba, bashi ya rage

Malam Garba: A wannan gaɓar ina tare da Sadiq rabi. Bashi ne ya kayar da su, ba wanda ke musun haka. Amma gasar kanta ta riga ta juya musu baya. A 1982 aka shigo da Canberra da Illawarra, ma'ana gasar unguwannin Sidni ta fara zama ta manyan yankuna, talabijin ta shigo, ƙaramin kulob na cikin gari ya zama kaya a wuyan hukumar. Newtown sun gane haka, shi ya sa suka nemi komawa Campbelltown can kudu maso yamma inda jama'a ke ƙaruwa, har sun buga wasu wasanninsu na gida a can a 1983, shirin ne bai kammalu ba. A ƙarshen wannan kakar hukumar ta ce Newtown da Wests su fita. Wests suka tafi kotu suka tsira, kuma a 1987 su ne suka koma Campbelltown ɗin. Warren Ryan kuma ya tafi Canterbury ya ci kofi a 1984 da 1985.

Abba Sidni: Kuma kafin su fita sun bar wa gasar tarihi ɗaya da ba wanda ya goge, a watan Maris na 1982 a Henson Park suka tashi babu ci da Canterbury, 0 da 0, minti 80 cur. Shi kaɗai ne irinsa a tarihin babbar gasar tun 1908

Bashir Jos: Ashe su ma sun iya canjaras irin namu

Sadiq Gwale: Toh mun zo inda nake so. An kore su. Wannan da ke buga wasa yanzu da sunan Newtown ɗin, 'yan wasan na wa ne? Abba ka faɗi gaskiya

Abba Sidni: Ba abin ɓoyewa ba ne, tun 2015 suna da yarjejeniya da Cronulla mai buga NRL, duk ɗan wasan Cronulla da bai samu shiga manyan 17 ba a makon sai ya sauko ya sa rigar Newtown, a haɗa da waɗanda Newtown ta ɗauka da kanta masu aikinsu da rana su zo atisaye da yamma. Kafin Cronulla da Roosters suke, daga 2006 zuwa 2014

Sadiq Gwale: Shi ke nan na gama. Kayan aro ba ya rufe katara. Kofin 2019 da na 2024 na Cronulla ne aka sa musu shuɗiyar riga

Abba Sidni: A'a dakata mutumina. Na farko, ba da kayan aro suka dawo ba. Bayan korar sun yi shekaru ba sa buga gasar manya sam, mutanen unguwa da tsofaffin 'yan wasa ne suka riƙe sunan, a farkon shekarun 1990 suka shiga wata ƙaramar gasa Metropolitan Cup suka ci ta a 1992 da 1995 da 1996 da 1997, sannan a 2000 aka ba su gurbi a mataki na biyu. Suka sha kashi a fainal a 2006 da 2008 kamar yadda suka gada, sai 2012 daga na bakwai a tebur suka je suka doke Balmain 22 da 18. A 2019 ma daga na bakwai, suka ci Wentworthville 20 da 15 a ƙarin lokaci, bayan mako guda suka kara da zakarun Queensland wato Burleigh, Newtown na baya a maki ana sakannin ƙarshe Billy Magoulias ya ɗaga ƙwallo ta bayan layin tsaro Jackson Ferris ya cafe ya ruga ya dire, 20 da 16, kuma irin wannan bugun dai shi ya yi a fainal ɗin da ta gabata.

Na biyu kuma shi ne abin da nake so ka amsa min. Ina Balmain yau? Sun ci kofi 11, a ƙarshen 1999 aka haɗe su da Wests aka samu Wests Tigers. Ina St George mai 11 a jere? An haɗe ta da Illawarra. North Sydney aka haɗa su da Manly, auren bai yi ƙarko ba ya mutu a 2002, Manly ta tafi da gurbin, yanzu kuma sunan nasu na Bears a Perth zai dawo a 2027, ɗaya ƙarshen ƙasar. Glebe da aka fara da ita a 1908 an cire ta a 1929. Newtown kuwa sunanta nata, rigarta tata, filinta ɗin nan dai na Henson Park, shugabanninta nata. Ranar Asabar da yamma ka je ka ga tudun nan cike, iyaye da yara da karnuka, a hutun rabin lokaci yara su sauka filin su yi ta buga ƙwallonsu, mai sanarwa ya ce yawan 'yan kallo yau 8,972, kuma kullum wannan adadin yake faɗa ko mutum nawa suka zo, kowa ya yi shewa. Wa ya mutu a cikinsu?

Nura Leeds: Abba ka manta South Sydney, kuma ita ce ke rusa maka hujja. Su ma an kore su a ƙarshen 1999, ba su yarda da haɗewa ba, ba su kuma yarda da zama a ƙasa ba, mutum kusan 80,000 suka yi tattaki a titunan Sidni a 2000, suka ci shari'a a 2001, suka dawo a 2002, suka ɗauki kofi a 2014. Wato akwai hanya ta uku. Newtown ba ta samu wanda zai fito mata titi haka ba a 1983

Abba Sidni: Gsky ne, amma Souths suna da kofi 20 a lokacin da magoya baya a duk faɗin ƙasar, ba a haɗa su da kulob ɗin 'yan unguwanni huɗu

Malam Garba: Akwai kuma abin da Abba bai faɗa ba. Waɗanda ke cika tudun nan yau galibi ba jikokin leburorin 1943 ba ne. Unguwar ta yi tsada, ɗalibai da ma'aikatan ofis da masu zane-zane ne suka cika ta, da yawansu don zaman yammacin suke zuwa ba don sakamako ba. Ban ce laifi ba ne, kuɗin tikitinsu da rigunan da suke saya suna cikin abin da ke riƙe kulob ɗin. Amma sauyin jama'a na farko shi ya kashe musu kasuwa, na biyun kuma ya farfaɗo da ita, kuma ba ɗaya daga ciki da shugabannin kulob suka shirya.

Sadiq Gwale: Allah ya saka Malam. Wato gidan tarihi ne da ake sayar da riga

Anti Zainab: Kai Sadiq bakinka. Ni dai a yadda na fahimta, in yaron da aka haifa a unguwar zai iya tafiya da ƙafa ya kalli kulob mai sunan unguwarsu a filin da kakannin wasu suka kalla, ban ga ta inda za a ce ya mutu ba. Amma in Cronulla ta janye 'yan wasanta gobe fa, ya za su yi?

Abba Sidni: Sai su nemi wani babban kulob ɗin Anti, kamar yadda suka yi da Roosters ta janye a ƙarshen 2014. In ba su samu ba da wuya su iya gogayya a wannan matakin, sai dai su sauka ƙasa

Sadiq Gwale: To ka ji. Ranar da suka ci kofin jiha da 'yan wasan da suke biya da aljihunsu ku yi min tagin, zan sayi rigar da kuɗina